Gyaran murafen akwatunan kwaɗina, daga hunturu zuwa damina

19 ga Nuwamba, 2023

Da azahar ɗin yau ma'aunin laima da ke cikin akwatin kwaɗin ƙasa ya nuna kashi 31 cikin 100, alhali da hantsi na yi feshi har ruwa yana bin gilashi. Wanda ke rataye a bangon ɗaki kuwa 18 yake nunawa. Hunturu ya iso Zariya ke nan, murfin ragar da ya riƙe ni tun watan Satumba kuma ya daina amfani. Aikin da ke gabana shi ne sake fasalin murafen akwatunan biyu, zan kuma riƙa rubuta abin da na yi da abin da ya biyo baya.

Akwati na farko tsohon gidan kifi ne na gilashi, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 36. Kwaɗin ƙasa huɗu ne a ciki, irin waɗanda masana ke kira Kassina senegalensis: 'yan ƙanana masu santsin fata, da baƙin layi a gadon baya da ɗige-ɗige a gefe. Ba su cika tsalle ba, tafiya suke yi da sauri a kan ƙafafu huɗu. Akwati na biyu dogo ne, 30 da 30, tsayi 45, haɗa mini shi aka yi. A cikinsa 'yan kwaɗin ciyawa ne, Hyperolius nitidulus, waɗanda ko babbansu da ƙyar yake wuce santimita 3, masu manne wa ganye da gilashi. Dukkansu tun suna da wutsiya na kwaso su daga wani kududdufi da ya kusa ƙafewa a ƙarshen damina, a bokiti suka fitar da ƙafafu.

Duk inda mutum ya duba a intanet kan kiwon kwaɗi, lamba ɗaya zai yi ta cin karo da ita: laima ta kai kashi 80 ko fiye. Masu faɗin haka galibinsu a Turai da Amurka suke, kwaɗin da suke kiwo kuma na kurmin Kudancin Amurka ne, masu launi da dafi a fata, waɗanda ƙasan dajinsu ba ya rabuwa da danshi. Nawa 'yan ƙasar nan ne, inda ake yin wata biyar ko fiye ba ɗigon ruwa. Don haka lambar ba ta hau kaina ba. Amma 31 ɗin ma ta yi kaɗan. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatar cikinsa da cinyoyinsa yake tsotsa, ta fatar kuma yake yin wani ɓangare na numfashinsa. Ɗan kwaɗon da bai kai girman kan yatsa ba, yini guda a busasshiyar iska ba mafaka ya isa ya ƙarasa shi.

23 ga Nuwamba

Kafin a yanka komai sai da na tabbatar ma'aunan nan ba ƙarya suke shirga mini ba, don na arha ne, masu ɗan batirin agogo. Gwajin ba wuya. A cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a sa shi tare da ma'aunin a cikin robar da ke rufuwa ruf, a bar su su kwana. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a wajen kashi 75. Ɗaya ya nuna 74, ɗaya 69, na bango 77. Na manna wa kowanne 'yar takarda da abin da za a ƙara ko a rage.

Da dare na zauna na yi wani lissafi da ya sauya mini tunani kan aikin gaba ɗaya. A zafin digiri 25, iska lita 1,000 ba ta iya riƙe fiye da giram 23 na ruwa. Akwatin ƙasa, ko ba komai a cikinsa, lita 65 yake ɗauka. Ke nan ko iskar ciki ta ƙoshi iya ƙoshi, ruwan da ke cikinta giram ɗaya da rabi ne, bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba. Iskar hunturu ta ratsa raga sau ɗaya ta tafi da shi. Ashe ajiyar ruwan tana cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da kwanon wanka, iska kuwa ɗiba kawai take yi tana fita. Murfi ba ya kawo danshi ko kaɗan, iyakarsa ya rage saurin ɗibar. Abin nema yanzu shi ne gwargwadon ragin da zai bar danshi ya daɗe ba tare da iskar ta tsaya cik ba.

2 ga Disamba

Na je wurin masu aluminiyam da gilashi a Sabon Gari da zanena a takarda. Dattijon da ya karɓa ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, kifi za ka zuba?" Na ce, "A'a Baba, kwaɗi ne." Ya cire tabarau ya dube ni. "Ikon Allah! Na ci ne, ko na makaranta?" Na ce na kallo ne. Yaran shagon suka yi ta dariya, amma aiki kam ya yi shi da kyau, har ya ba ni shawarar da ta fi tawa.

Ga fasalin. Firam ɗin aluminiyam daidai bakin akwati, da raga a shimfiɗe a ƙasansa wadda ba a cirewa, ita ce mai hana fita da shiga. A saman ragar, layin dogo biyu irin na tagar da ake turawa, gilasai su riƙa zamewa a kai. Ni na zo da niyyar a yanka mini gilashi biyu manya. Shi ya ce in ɗauki gilashin luba na taga mai faɗin inci 6, wato santimita 15, a yanka shi gunduwa-gunduwa a tsawon 30. Huɗu sun rufe akwatin baki ɗaya, a cire ɗaya an buɗe kwata, a cire biyu an buɗe rabi. Gefensa na tsawo kuma tun daga kamfani a goge yake, bakin yanka kawai za a bi da dutse. In ɗaya ya fashe, ko'ina ana samun madadinsa.

Wani abokina ya ce me ya hana in yi amfani da farar robar nan mai kama da gilashi, tunda ba ta fashewa kuma ba nauyi. Matsalarta ita ce ɓangaren da ke fuskantar danshi yana shan ruwa ya ɗan kumbura, na sama kuwa yana nan a bushe, sai ta lanƙwashe, kusurwoyinta su ɗaga. Ɗagawar da ba ta kai kaurin fensir ba ta ishi kwaɗon ciyawa hanya. Katako kuma fumfuna za ta ci shi, ga gara, ga maganin da ake shafa masa wanda ba na so ya ɗiga ciki. Akwai masu shimfiɗa ledar rufe abinci a kan raga, tana yin aiki na 'yan kwanaki, ita na sa a yanzu kafin a gama firam.

9 ga Disamba

Maganar raga ta ɗauke ni lokaci fiye da ta gilashi. Ragar sauro ta ƙarfe tana tsatsa da wuri a cikin danshi, kuma kwaɗin ƙasan nan da dare suna hawa ta kusurwa su yi ta tura hanci a murfi. A kan ƙarfe, hancin kan goge ya zama gyambo. Na roba na saka musu, mai laushi.

Na kwaɗin ciyawa daban ne saboda abincinsu. Ƙananan ƙudajen nan masu taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba nake kiwata musu a kwalba, su kuwa ramin ragar sauro ba ya tare su. In suka fita, ɗakin girki suke nufa, daga nan kuma maganar ta koma tsakanina da uwargida. Na sayo ƙyallen tatar koko, mai ƙananan ido, na ɗaura shi a firam ɗin dogon akwati.

Silikon da na manne gefuna da shi na haɗa gidan kifi ne. Wanda ake sayarwa don banɗaki da wurin wanke-wanke yawanci an zuba masa maganin hana fumfuna, fatar kwaɗo kuwa ba abin da take tacewa. Yana da warin tsami mai hawa kai lokacin da yake ɗanye. Firam ɗin biyu suna baranda, ba za su hau akwati ba sai warin ya tafi gaba ɗaya.

17 ga Disamba

Na fara da akwatin ƙasa, na kuma fara daga ƙarshe da gangan: gilasai huɗu duka a rufe, don in ga iyakar abin. Ma'auni ya haura 95 ya zauna a can dare da rana. Gilashi ya yi hazo har ba a ganin ciki, ruwa yana taruwa a ƙasan murfi yana ɗiga. Kafin mako ya zagayo farar fumfuna ta fito a jikin itacen da suke ɓuya, in ka sunkuya kuma wani warin rumfar da ba a buɗewa ne ke tarbarka. Kwaɗin da kansu suka ba da amsa: biyu sun bar ƙasa sun maƙale a saman gilashi da rana tsaka, abin da ba ɗabi'arsu ba ne.

Wanda ke bin lamba kawai zai ce an dace. Ni ban ga dacewa ba. Jiƙaƙƙen wuri mai ɗumi da iska ba ta motsi, ga kashin kwaɗi a ƙasa, nan ƙwayoyin cuta ke samun gindin zama. Sananniyar cutar nan da ke sa cinyoyi da cikin kwaɗo su yi ja, wadda ake yawan dangantawa da ƙwayar Aeromonas hydrophila, a irin wannan ƙazantar take kama dabbar da ta riga ta galabaita.

Sai na cire gilashi ɗaya daga gefe. Ɓangaren da ke ƙarƙashin buɗin ya bushe ƙayau kafin la'asar, ɗaya ƙarshen kuwa yana nan da hazonsa. Iska tana shiga tana fita ta ƙofa guda, ba ta ratsa akwatin. Na tura gilasai ukun tsakiya, buɗin ya rabu biyu, santimita 7 da rabi a kowane ƙarshe. Nan iskar ta fara tafiya, sai dai ta yi yawa ga wannan watan, ma'auni ya sauko 42 da rana.

Na mayar da gilashi na huɗu aka rage shi ya koma santimita 9. Yanzu buɗin santimita 3 ne dama, 3 hagu. Fitilar akwatin na matsar da ita kan buɗin hagu, saboda iska mai ɗumi sama take yi, mai danshi ma ta fi busasshiya rashin nauyi, to sai ta fita ta nan ta jawo sabuwa ta dama. Ranar wanke akwati, kwaɗin suna bokiti a wani ɗaki, na kunna turaren tsinke a bakin buɗin dama na ga hayaƙin ya nutsa, ya bi ƙasa, ya fito ta hagu. Na bar akwatin a buɗe ya sha iska kafin su koma.

Ma'aunin da na fi yarda da shi yanzu ido ne. In na yi feshi da magariba, gilashi ya washe kafin a kwanta barci. Da azahar ganyen sama ya bushe, amma in ka ɗaga shi ƙasar ƙarƙashi da sanyi a yatsa. A lamba, hakan yana zuwa wajen 85 da dare, 55 zuwa 60 da rana.

6 ga Janairu, 2024

Uwargida ta tsaya gaban dogon akwati jiya ta ce, "Malam, waɗannan 'yan naka ba su mutu ba kuwa? Tun shekaranjiya wancan yake wuri ɗaya." Ba su mutu ba. Uku daga ciki sun hau can ƙololuwa kusa da raga, inda ya fi ko'ina bushewa, sun naɗe hannu da ƙafa a ƙarƙashin ciki, sun yi fari-fari, ba sa kula ƙuda ko ya bi ta kan hancinsu.

Wannan kwaɗon yana cikin abubuwan mamaki na dajinmu, ko da yake ba kowa ke lura da shi ba. Wani masani Bajamushe na Jami'ar Wurzburg, Eduard Linsenmair, da ɗalibansa sun yi shekaru suna nazarinsa tun daga shekarun 1980, sun kuma yi aiki mai yawa a gandun dajin Comoe da ke arewacin Kwaddibuwa. Abin da suka gano shi ne manyan ba sa ƙetare rani. 'Ya'yan da suka fito daga ruwa a ƙarshen damina su ke ɗaukar zuri'ar zuwa baɗi, kuma ba rami suke shiga ba. A kan busasshiyar ciyawa suke zama, a fili, rana tana dukansu wata da watanni. Fatarsu tana tara wasu ƙananan ƙyalƙyali na sinadarin guanin, jeri bisa jeri, masu mayar da hasken rana, shi ya sa in zafi ya tsananta suke komawa fari fat. Dattin jikin da wani kwaɗo zai fitar ta fitsari ya yi asarar ruwa, su wani kasonsa suke juyawa ya zama wannan ƙyalƙyalin. Da haka suke jure zafin da ya haura digiri 40.

Kwaɗon ƙasa kuwa, da rani ya kama sai ya nemi rami, ko gindin suri, ko ƙarƙashin gungume, ya lafe inda danshi ya rage. Kududdufi ɗaya ya haife su, amma dabarar kowa daban. Murfi iri ɗaya ba zai yi musu ba, lambar intanet ɗin nan kuma ba ta san da zaman ko ɗayansu ba.

Ban ga dalilin tilasta wa na ciyawa damina a watan Janairu ba, ban kuma yarda in bar su ga hunturu tsagwaronsa ba, don a daji ma da yawa ba sa kai labari. Na tsaya a tsakiya. Murfinsu rabi gilashi, rabi ƙyalle. A gaban akwatin daga ƙasa dama an bar tsaga mai faɗin santimita 3 da raga, iska tana shiga ta nan ta fita ta sama. Feshi a ƙasa kawai nake yi, a gindin shuke-shuke da bakin kwanon ruwa. Na sa ma'auni biyu: na ƙasa yana wajen 70, na sama 40. Mai son danshi ya sauko, mai son zaman rani ya hau. Biyu sun zaɓi ƙasa suna ci suna girma, uku suna sama.

Sanyin asuba ma ya shigo lissafi. Ɗakin yana sauka zuwa digiri 15, nakan yafa wa akwatunan tsohon bargo bayan isha'i, in bar bakin buɗin a sake.

28 ga Janairu

Ƙura. Ƙyallen tatar ya toshe ya koma ruwan ƙasa, laimar sama ta tashi daga 40 zuwa 58 ba tare da na ƙara feshi ba, wato iska ta daina wucewa. Na cire na wanke da ruwa zalla, ba sabulu. A kan gilasan luba ma ƙurar ta dushe hasken fitila. Daga yau wankin ƙyalle ya shiga aikin ƙarshen mako har hazo ya wuce.

17 ga Maris

Azumi ya zo da bazara a tare. Ɗakin yana kai digiri 35 da la'asar, kuma gilashin da ya yi mini rana a Disamba yanzu shi ne abin tsoro. Cikin akwatin ƙasa ya fi ɗakin zafi da digiri 2 zuwa 3 in fitila tana kunne. Iskar waje kuwa har yanzu a bushe take, ba ta kai kashi 20 ba. In na buɗe su bushe, in na rufe su dahu. A duk watannin aikin nan ba inda na tsaya tunani kamar nan.

Mafitar tana tsakar gidan kowa: randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi. Giram ɗaya na ruwa in ya zama tururi yana kwashe kusan kalori 580, wato zafin da zai ɗaga fiye da rabin lita na ruwa da digiri ɗaya. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kuma dabarar ta fi ci daidai lokacin da iska ta fi bushewa, wato yanzu.

Na cire gilasai uku na bar guda a tsakiya. Na lanƙwasa waya mai rigar roba na yi 'yar rumfa da ta ɗaga santimita 5 daga raga, na yafa tsohon tawul a kai, bakinsa ɗaya yana cikin robar ruwa a bayan akwati yana tsotsa. Ɗagawar tana da muhimmanci. Jiƙaƙƙen tawul in ya kwanta a kan raga ya zama murfi, ba abin da zai wuce. A ɗage kuwa, iska tana bi ta ƙarƙashinsa ta yi sanyi, ta ɗauki danshi, ta gangara ciki da nauyinta. Ma'aunin zafi ya sauko daga 37 zuwa 31, laima ta tsaya a 60.

Fitila ta koma ta safe kawai. Akwatunan sun sauko daga tebur zuwa wani gajeren benci a ɗakin da rana ba ta bugun bangonsa da yamma. Na ƙara wa kwaɗin ƙasa zurfin ƙasarsu ta kai santimita 10, na binne musu fasasshiyar tukunyar ƙasa a kife. Duk huɗun sun shige ƙarƙashinta, sai dare ya raba ake ganin ɗaya ko biyu a kwanon ruwa.

7 ga Afrilu

An ce a Kayes ta ƙasar Mali zafi ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga wata. Mu nan ba mu kai can ba, amma ko dare ba ya sanyi, tawul shi kaɗai ya fara gazawa a ranakun da iska ta tsaya. Na ciro 'yar fanka daga tsohon faifan sanyaya kwamfuta, mai aiki da wayar caji, na haɗa ta da batirin cajin waya saboda wuta ba ta da tabbas. Tawul take hurawa daga gefe, ba cikin akwati ba. Iskar fanka kai tsaye a jikin kwaɗo busar da shi za ta yi. Ta ƙara rage digiri 2, ruwan robar kuma yanzu safe da yamma ake cika shi.

Ruwan ya jawo baƙi. Kiyashi sun gano tawul, daga tawul suka gano raga. Na tsoma ƙafafun benci a gwangwanayen ruwa, na zagaye bakin kowane akwati da man basilin daga waje, na janye bencin daga jikin bango. Maganin feshi na ƙwari da na sauro mai hayaƙi ba sa shiga ɗakin nan, na faɗa wa yara har sun haddace.

Kwaɗin ciyawa uku na sama sun yi fari kamar yadda aka bayyana su. Ban sa musu tawul a kai ba, a gefen akwatin na rataya shi daga rabi zuwa ƙasa.

26 ga Mayu

Ruwa ya fara zama. Laimar ɗaki ta haura 70, tawul kuma ya daina sanyaya komai tunda iskar ta riga ta ƙoshi, sai wari da ya fara. Na cire shi da rumfarsa. Gilasai duka sun sauka daga akwatin ƙasa, na nannaɗe su a jarida na rubuta faɗin kowanne a kai. Na dogon akwati ma na cire.

Fankar ba ta tafi hutu ba, aikinta ne ya juya. Yanzu a kwance take a kan raga tana zuƙo iska daga ciki zuwa waje, minti 15 da safe, 15 da yamma, don ganye ya samu ya bushe. Feshi ya koma na jefi-jefi.

Daren da shinge ya fito yara suka tara mini a kwano a gindin fitilar waje, kwaɗin ƙasa suka fito duka suka ci har cikinsu ya yi tulu. Na ciyawa sun sauko, farin ya tafi, launi ya dawo. Ɗaya ya fara kuka da dare, ƙara mai kaifi da ba za ka ce daga ɗan wannan jikin take fita ba. Hajiya da ta zo kwana biyu ta tambaya ko gyare ne ya shiga ɗaki.

9 ga Yuni

Abubuwan da suka nuna gajiya bayan wata shida: layin dogon aluminiyam yana tara ruwa da datti, ya fara fitar da farin gari a kusurwoyi, zan huda masa ƙananan ramuka ta waje ruwan ya riƙa zuba. Ƙyallen tata ya yi baƙin tabo da wanki ba ya fitarwa. Na samo rariyar gari ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ido ƙanana da ƙudajen ba za su bi ba, da ita zan maye shi. Kwaɗin ciyawa ba sa tura hanci a murfi irin na ƙasa, don haka ƙarfen ba zai dame su ba.

Ciyarwa ma tana son gyara. Duk lokacin da na ɗaga murfin dogon akwati sai wani ya yi tsalle, yanzu da jini ya dawo musu. Na yanke wuyan robar lemo da murfinta, zan huda raga daidai faɗinsa in manne shi da silikon, ƙudaje su riƙa shiga ta nan a mayar da murfi a murɗe.

Babban abin da ya rage shi ne akwatin ƙasa ba shi da mashigar iska ta ƙasa, kuma Agusta na tafe, watan da ruwa ya fi yawa, bango ma yakan yi gumi. Fanka ba za ta wadatar ba in an kwana biyu ba caji. Huda gilashin da ke jiki akwai kasada, tsoho ne. Baba mai gilashi ya ce abin da ya fi sauƙi a kankare silikon a cire bangon gefe ɗaya, a mayar da shi gida biyu da tsagar raga mai faɗin santimita 4 a tsakani, daidai saman ƙasar da suke tona. Ya ce in kawo masa bayan Babbar Sallah, kwaɗin kuma za su yi zaman roba mai murfin raga har silikon ya bushe.